Littafin aikin gyaran tsohon ɗakin gilashi na inabi a wani gandu a Yorkshire

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau kwamitin 'yan sa-kai ya ɗora mini alhakin riƙe littafin aiki, saboda masu ba da tallafi a ƙasar nan suna lissafa sa'o'in da mutanen gari suka bayar kyauta a cikin gudummawarmu, don haka dole a samu mai rubuta wanda ya zo, da abin da aka yi, da abin da aka kashe. Na hukuma da Turanci nake cika shi. Wannan kuwa nawa ne, kuma a cikinsa zan riƙa faɗin inda muka yi kuskure ba tare da kwana-kwana ba.

Ginin yana cikin lambu mai katanga na wani tsohon gandu a arewacin Yorkshire, lambun da iyalin masu gandun suka damƙa wa wata gidauniyar ƙauyen. Tsawonsa mita 18, an raba shi ɗaki uku, rufinsa gangare ɗaya ne, jingine da katangar jan bulo mai fuskantar kudu, domin a Ingila ta kudu rana ke bi, kuma bulon yana shan zafi da rana ya sake shi da dare. A bayan katangar, inda rana ba ta kaiwa, akwai ɗakin tukunyar dumama ruwa da rumbun kwal. An gina shi a ƙarshen zamanin Sarauniya Victoria, lokacin da irin waɗannan ɗakuna suka yawaita bayan an soke harajin gilashi a 1845 da harajin tagogi a 1851. Kamfanoni irin su Messenger na Loughborough da Foster & Pearson na Beeston da Richardson na Darlington sukan yanka katako da ƙarfe a masana'anta, su aiko ta jirgin ƙasa, a zo a haɗa. Namu yana da farantin suna a jikin ƙarfen buɗe tagogi, amma tsatsa ta cinye rubutun.

Halin da muka same shi ba mai daɗin gani ba ne. Ƙaya ta cika ciki har ta fito ta rufi, fiye da rabin gilasan sun zube, katakon gindi kuma idan ka danna masa yatsa sai ya lotsa kamar soso. Kuɗin da ke hannu fam 21,500 ne, wato 15,000 daga wata ƙaramar gidauniyar kula da gine-ginen tarihi, sauran daga karo-karon mutanen ƙauye. Ba zai isa ɗaki uku ba, sai aka yanke shawarar a gama ɗakin yamma tukuna, mai tsawon mita shida.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mutum goma sha huɗu, sarar ƙaya da kwasar tarkace. Mun cika baro fiye da talatin. Wata dattijuwa da ta yi shekaru tana aikin lambu ta tsayar da mu kafin mu sare wani kututture da ke waje, gab da bango, ta nuna mana cewa kurangar inabi ce. Magabata sukan dasa saiwar a waje su shigo da jikin ta wata 'yar ƙofa a gindin bango, don saiwa ta sha ruwan sama, rassa su sha ɗumi. Babu wanda ya san ko tana da rai. Ta yanki 'yan rassa shida ta dasa a tukwane, ta ce yau ma an kusa makara, domin inabi idan aka yanke shi bayan ruwan jikinsa ya fara tashi sai ya yi ta zubar da shi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sauke gilasan da suka rage. Mun samu 173 lafiyayyu a duk ginin, mun jera su a tsaye cikin akwatunan katako da jarida a tsakani. A nan na fara lura da cewa gindin kowane gilashin rufi a lanƙwashe yake kamar ɓawon kifi. Tsohon kafintan da ke jagorantar aikin katako, wanda ya haura shekara saba'in kuma ni a raina Baba nake ce masa, ya ɗauki ɗaya ya karkata shi ya zuba masa ruwa daga kofi. Ruwan ya bi lanƙwasar ya taru a tsakiya ya ɗiga, bai taɓa gefe ba. Gefen nan shi ne inda gilashi ke zama a kan sandar katako. Ashe duk dabarar ginin ta nisanta ruwa ce daga katako.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An dakatar da mu daga shiga ɗakin tukunya. Ranar Asabar wasu matasa biyu suka fara share shi, sai ɗayansu ya ɓanɓaro wani farin abu mai kama da busasshen kwaɓi da aka naɗe bututun da shi. Allah ya sa Baba yana kusa, ya fitar da su nan take ya rufe ƙofa. Gwajin da aka yi ya tabbatar asbestos ne, wanda ba a haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya ba sai a 1999, kuma ƙurarsa ce ke zama a huhu ta haifar da cuta bayan shekaru masu yawa. Laifin namu ne na kwamiti, domin ya kamata a yi binciken kafin kowa ya ɗauki tsintsiya, kuma ni ma ina zaune a taron da aka tsara aikin ban ce uffan ba. Bincike ya ci fam 380, kamfani mai lasisin cire shi kuma ya ce 2,600. Kusan fam dubu uku ke nan da ba su cikin lissafinmu. An rubuta abin da ya faru, an sanar da iyayen yaran, an kuma ba su shawarar su faɗa wa likitansu don ya shiga takardunsu.

Asabar, 8 ga Maris

Wanke gilasai a rumfa. Sha biyu sun fashe a hannunmu, goma kuma ashe da tsaga tun asali, saura 151. Ina azumi, don haka lokacin shayi na zauna na cika littafi.

Talata, 18 ga Maris

Jami'ar ƙaramar hukuma mai kula da gine-ginen tarihi ta zo. Ginin yana cikin jerin waɗanda doka ta kare, a mataki na biyu, inda mafi yawan irin waɗannan gine-gine suke, kuma ba a canza masa komai sai da izini a rubuce. Mun shafe awa biyu a kan tambaya ɗaya, wato nawa za a bari na tsohon katako. Wasu a kwamiti suna so a sauke rufin duka a yanko sabo, domin ya fi sauri, wataƙila ma ya fi araha. Ita kuwa ta bi sandunan ɗaya bayan ɗaya tana soka musu tsinken ƙarfe, ta nuna cewa ruɓar tana ƙafafu ne kawai, inda ruwa ke kwana, amma daga sama katakon yana nan da ƙarfinsa. Tsohon katako ne na itacen da ya girma a hankali a ƙasashen sanyi, layukan jikinsa a matse, mai yawan ƙaro, irin wanda samunsa yanzu sai an sha wuya. Hukuncinta shi ne a yanke ruɓaɓɓen wuri a yi masa ƙari da sabo. Ni ina tare da ita, ko da yake na san wahalar a kan Baba za ta faɗa.

A kan gilashi kuwa ita ce ta sassauta. Tunda jama'a da 'yan makaranta za su riƙa shiga, masu inshora sun dage cewa na saman kai ya zama gilashi mai tauri na milimita huɗu, wanda idan ya fashe yake zama tsaki-tsaki. Ta yarda, da sharaɗin a yanka shi da lanƙwasar nan ta asali. Tsofaffin za su koma bangon gaba da na gefe. Wasu sun yi gunaguni a kan yawan sharuɗɗa, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Asabar, 29 ga Maris

An cire asbestos, an ba mu takardar shaida. An kafa ƙarafan hawa, haya fam 1,450 na mako takwas. An kwance ƙarafan buɗe tagogi da ginshiƙai an kai su inda za a kankare tsatsa da iska mai yashi, fam 1,100.

Asabar, 5 ga Afrilu

Da safe muka zo da niyyar fara sauke sandunan rufi, sai wata yarinya 'yar sa-kai ta ga ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji, robin, yana shiga wani rami a katangar baya inda bulo ɗaya ya fita. Aka leƙa a hankali, sheƙa ce da ƙwai huɗu, daidai ƙarƙashin katakon da ke riƙe da kan rufin. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita, kuma ko ba doka babu wanda zuciyarsa za ta ba shi. Kwanci yakan ɗauki kusan mako biyu, 'ya'yan kuma su yi wasu mako biyu kafin su tashi. Wata guda ke nan ƙarafan hawa suna tsaye muna biyan haya. Da mun toshe ramukan katangar tun watan Fabrairu, da bai faru ba, kuma na rubuta haka da manyan baƙaƙe don ɗaki na biyu.

Abu ɗaya ya sanyaya mana rai. Kututturen inabin ya fito da idanu guda biyar, jajaye-jajaye, masu gashi kamar auduga. Dattijuwar tana zaton nau'in Black Hamburg ne, irin babbar kurangar fadar Hampton Court da aka dasa a 1768 kuma har yau take ba da 'ya'ya, amma ta ce ba za ta rantse ba sai ta ga ganye da nono.

Asabar, 12 ga Afrilu

Aiki a nesa da sheƙa. Haƙe magudanar ruwa ta gaba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Haƙar magudanar ta nuna mana abin da ya kashe ginin. Ruwan rufi yana bin kwararon ƙarfe ne ya sauka ta bututu zuwa wani tanki na bulo a ƙarƙashin daɓen ɗakin tsakiya, domin masu lambun dā ba sa shayar da inabi da ruwa mai sanyi, sai wanda ya kwana a ɗumin ɗaki. Bututun ya toshe da ganye da saiwa, ruwa ya riƙa malalowa kan katakon gindi shekara da shekaru. Daga baya wani ya zo ya yi gyara da siminti, ya liƙe gindin katakon da tsakanin bulo, wai don ya hana ruwa shiga. Simintin ya fi bulon tauri kuma ba ya barin danshi ya fita, sai ruwan da ya shiga ya rasa hanya, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa. Duk inda simintin ya taɓa, a nan ruɓar ta fi muni.

Masu gandun sun nuna mana tsohon littafin albashi, inda aka ga mutanen lambun suna raguwa daga lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Labarin ɗaya ne kusan ko'ina a Ingila. Hatta katafaren ɗakin gilashin da Joseph Paxton ya gina a Chatsworth, a Derbyshire, rushe shi aka yi a 1920, bayan rashin kwal da rashin ma'aikata sun kashe shuke-shukensa. Namu bai kai girman da za a rushe shi ba, sai aka bar shi kawai, aka daina fenti, aka daina share bututu.

Mun fara cire simintin da guduma da cizal, da hannu, saboda injin yanka yana cin gefen bulo. Mutum shida sun yi mita biyu kacal a yini.

Asabar, 10 ga Mayu

'Ya'yan tsuntsun sun tashi tun tsakiyar mako, mun jira kwana uku muka tabbatar. An sauke sanduna goma sha tara, kowace da lambarta. An ƙara wa'adin ƙarafan hawa, fam 360. Katako sabo fam 2,900. Kafintan da muka ɗauka da kuɗi don babban katakon sama da na gindi, waɗanda suka fi ƙarfin 'yan sa-kai, ya fara aiki, jingarsa fam 4,200.

Asabar, 17 ga Mayu

Kankare tsohon fenti. Yana da darma, don haka ba a ƙona shi da wuta, ba a kuma goge shi a bushe, sai da maganin laushi da abin kankara, kowa da takunkumi da safar hannu, kuma an hana yara kusantar rumfar. A ƙarƙashin fenti hawa-hawa muka tarar da fari, wanda shi ne na asali. Na zauna kusa da Baba ina kallon yadda yake ƙari. Yakan yanke ruɓaɓɓen wuri a karkace, tsawon yankan ya ninka kaurin katakon sau da yawa, ya yanka sabon daidai da shi, sannan ya juya haɗin yadda bakinsa zai kalli ƙasa don kada ruwa ya samu mashiga. Sanda ɗaya takan ci masa awa biyu. Ya ba ni zarto na gwada, na ɓata katako guda, ya karɓa ya ce zai yi amfani a wani gajeren wuri.

Asabar, 24 ga Mayu

Cike tsakanin bulo da kwaɓin farar ƙasa da yashi, fam 310. Mun jira har yanzu ne saboda kwaɓin ba ya son sanyin da ya yi ƙasa da digiri biyar. An rufe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe da gaggawa. 'Yan firamare sun zo kallo, sun tafi da tukwanen tumatir.

Lahadi, 1 ga Yuni

Jiya da yamma mun kusa yin gobara. Fentin da muke amfani da shi na man linsid ne, wato man da ake tatsa daga ƙwayar wani tsiro, kuma tsumman da aka jiƙa da wannan man idan aka dunƙule shi yakan yi zafi da kansa yayin da man ke bushewa, har ya kama da wuta. An faɗa wa kowa haka tun farko, amma wani da ya zo ranar farko ya tattara tsummokaran ya cusa a kwali don ya taimaka da shara. Matar da ke rufe lambu ta ji ƙauri wajen ƙarfe bakwai, ta tarar kwalin yana hayaƙi a rumfar da duk sandunanmu goma sha tara suke jingine. Ta fitar da shi ta tsoma a ruwa. Daga yau akwai bokitin ƙarfe mai murfi da ruwa a ciki a bakin ƙofa, kuma duba shi ya shiga aikin mai rufewa. Ban ga laifin baƙon ba, tunda ba mu rubuta gargaɗin a bango ba.

Asabar, 14 ga Yuni

An mayar da sanduna kan rufi. Ƙarafan buɗe tagogi sun dawo, da aka juya hannun sai tagogin sama huɗu suka ɗaga tare. Mutane sun yi ta juya shi kamar yara.

Alhamis, 19 ga Yuni

Gilashi ya iso, guda 200, fam 3,800, kuma 38 daga ciki ba su shiga ba. Ni da ma'aji muka yi awo a watan Afrilu, lokacin da sheƙar ta hana mu kusantar ɓangaren gabas na ɗakin. Muka auna layuka biyar na yamma, muka ga faɗinsu ɗaya, muka ɗauka sauran ma haka suke, muka ba da oda don kada a ƙara ɓata lokaci. Ashe ginin ya zauna ta gabas a tsawon shekarunsa, layuka huɗu na ƙarshe sun tsuke da milimita shida zuwa tara. Da gilashi na yau da kullum ne, da sai a rage gefen a wuce wurin. Mai tauri kuwa ba ya yankuwa bayan an gasa shi, kana sa masa abin yanka zai tarwatse. An kawo shawarar a faɗaɗa gurbin katakon, Baba ya ƙi, ya ce sandar da ma siririya ce kuma sabon gilashin ya fi tsohon nauyi. Gaskiyarsa ce.

Mun yanka samfuri na kwali ga kowane ɗaya daga cikin 38 ɗin, da lambar layi da ta gurbi, muka sake oda, fam 760, jiran mako uku. Waɗanda ba su shiga ba an ajiye su ko za su dace da ɗakin tsakiya, ko da yake bayan abin da ya faru ba zan ce za su dace ba sai na ɗora su da hannuna. Na faɗa wa kwamiti cewa kuskuren nawa ne, aka rubuta haka.

Asabar, 28 ga Yuni

Sa gilashi. Ana murza foti, wato kwaɓin da ke riƙe gilashi a gurbinsa, a tafin hannu har ya yi laushi, a shimfiɗa shi a gurbin, a danna gilashin daga gefe, a kafe shi da ƙananan ƙusoshi, daga ƙasa zuwa sama, kowane yana hawa kan na ƙarƙashinsa da kusan santimita ɗaya. Idan hawan ya yi yawa ruwa da datti sukan maƙale a tsakani. Layi bakwai yau.

Asabar, 5 ga Yuli

Tsuntsaye sun tsattsage fotin layuka uku, saboda man linsid da ke cikinsa. Ba a iya yi masa fenti sai ya yi fata, don haka mun gyara muka rufe da raga. Tsofaffin gilasai 41 sun shiga bangon gaba da na gefe. Idan ka duba lambu ta cikinsu sai ka ga itatuwa suna ɗan rawa, ta sababbin kuwa komai a miƙe. Ni na fi son tsofaffin.

Asabar, 19 ga Yuli

Gilasai 38 sun iso, duk sun shiga, rufin ɗakin yamma ya rufu. An yi ruwa da la'asar, muka tsaya a ciki muna kallo, ɗiga ɗaya kawai muka gani a layi na sha ɗaya, an yi mata alama. An shafa wa katangar baya farar ƙasa don ta mayar da haske. An shigo da sabon reshen inabin ta ƙofarsa aka ɗaure shi a waya, kuma daga rassa shida na tukwane huɗu sun kama.

Lissafi: da fenti da foti na fam 640, da kayan kariya da kwasar shara na 420, mun kashe fam 18,920, saura 2,580. Sa'o'in 'yan sa-kai 1,140. Na tuna cewa gyaran babban ɗakin gilashi na lambun Kew a Landan, wanda aka sake buɗewa a 2018, ya ci fam miliyan 41 da gilasai 15,000, sai na daina ganin namu ya yi tsada.

Sauran kuɗin ba zai taɓa ɗakin tsakiya ba. Kwamiti yana so a nemi tallafin asusun kayan tarihi na ƙasa, wanda kuɗinsa daga cacar ƙasa yake fitowa. Na gaya musu cewa ni ba zan jagoranci wannan neman ba saboda addinina, amma zan ba da lissafin sa'o'i ga duk wanda ya ɗauka, kuma zan ci gaba da neman wasu hanyoyin. Sun karɓa ba tare da wata magana ba. Kafin ranakun buɗe wuraren tarihi ga jama'a na watan Satumba akwai fentin ƙarshe a kan foti, da kwashe laka daga tankin ƙasa, da mayar da ragar ƙarfe ta daɓe. Ramukan katangar ɗakin tsakiya za a toshe su a watan Oktoba, kuma awon gilashinsa layi-layi za a yi shi, mutum biyu, kowa da nasa littafin.